TAURARON ƊAN ADAM: INA MAƘERAN?

Ran 23 ga watan Agusta, 1963, Firayim Ministan Nijeriya, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi magana ta wayar tarho da Shugaban Amurka, John Kennedy. Muryar tasa ba ta bi ta igiyar ƙarƙashin teku ba. Wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport, wanda ke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Ikko, shi ya cilla ta sama, tauraron ɗan Adam da ake kira Syncom 2 ya cafe, ya sauke ta a Amurka. Wannan shi ne karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka zanta da juna ta hanyar tauraro. A cikin waɗannan shekaru kuma Amurkawa suna da tasha a Kano wadda ke bin sawun kumbon 'yan sama jannatinsu. Watau dai Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani. Sai dai jirgin na wasu ne, tauraron na wasu, injunan na wasu; abin da ƙasar nan ta kawo a ranar shi ne fili da murya.

Yau an haura shekara 60, kuma an sami ci gaba wanda ba mai musunsa. An kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, watau NASRDA, a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha, bayan kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera shi. A watan Mayu na 2007 aka harba tauraron sadarwa NigComSat-1, ƙirar ƙasar Sin, wanda aka ɗibar wa shekara 15 amma ya mutu a watan Nuwamba na 2008, saboda matsalar da ta sami fikafikan da ke tara masa lantarki daga hasken rana. A 2011 aka harba uku: NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta, sa'an nan NigComSat-1R, magajin wanda ya mutu, a watan Disamba. A 2017 kuma ɗan ƙaramin tauraron nan na Jami'ar Fasaha ta Akure ya tashi, bayan an haɗa shi a wata jami'a a Japan.

Abin alfahari ne cewa injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa NigeriaSat-X da hannuwansu. Amma a Ingila suka haɗa shi, a ɗakin aikin Surrey, da kayan aikin Surrey, da sassan da aka sarrafa a masana'antun waje. Duk cikin taurarin nan babu wanda aka sassaƙa ƙarfensa a Ikko ko Kaduna ko Inugu. Dalili kuwa a fili yake, ko da yake ba a cika faɗarsa a wurin bukukuwan harbi ba: ƙasar nan ta kashe kuɗi wajen sayen taurari da horar da masu zana su da masu lura da su daga ƙasa, amma ta manta da mutumin da ke tsaye gaban injin sassaƙar ƙarfe, da wanda ke ƙera masa kayan aiki da ma'auni. Muddin ba a tuna da waɗannan mutane ba, to, saye za a ci gaba da yi.

Jama'a da yawa suna ɗaukar tauraron ɗan Adam a kan wani abu ne na kwamfuta da lissafi kurum. Ba haka ba ne. Tauraron farko da Tarayyar Sobiyat ta harba ran 4 ga Oktoba, 1957, watau Sputnik, ƙwallo ne na alminiyom mai faɗin santimita 58, an yi shi ɓari biyu kamar ƙorai, aka haɗa bakinsu da noti 36 yadda iskar da aka ɗura ciki ba za ta sulale ba. Da bakin ɓarin nan biyu bai zauna daidai ba, da duniya ba ta ji ƙarar Sputnik ba. Taurarin yau sun fi shi rikitarwa nesa ba kusa ba, amma har yanzu ƙashin bayansu ƙarfe ne: gangar jiki, da tankin mai, da mariƙan kyamara, da gaɓoɓin da ke buɗe fikafikai, da 'yan bututun da saƙon rediyo ke bi a cikinsu. Kowane ɗaya sai an yanka shi daga dunƙulen alminiyom ko taitaniyom ko wani ƙarfe na musamman, a huda, a goge, a auna.

Irin awon da ake nema shi ne ya bambanta wannan aiki da sauran ayyukan ƙarfe. Masu sana'ar ba da milimita suke magana ba, da kashi ɗaya cikin dubu na milimita suke yi, abin da suke kira maikuron. Kaurin gashin kan mutum yakan kai wajen maikuron 70, alhali kuwa akwai sassan tauraro da ba a yarda a kauce wa zanensu da fiye da maikuron 10 ba. A wannan mataki ko zafin ɗaki ma abokin gaba ne. Sandar alminiyom mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da kimanin maikuron 23 duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya. Saboda haka aka yi ittifaƙi a duniya cewa a digiri 20 ake awo, kuma ɗakin awon tilas ya zauna a haka dare da rana. Wanda ya auna ƙarfe da sanyin asuba ya sāke aunawa da azahar a shagon da ba na'urar sanyaya ɗaki, abu biyu daban ya auna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dangantakar aikin da tsayayyar wutar lantarki.

Me ya sa ake wannan tsanani? Domin tauraro yana shan jijjiga mai tsanani a cikin 'yan mintocin da roka ke ɗauke da shi. In ya isa can kuma gefen da ke fuskantar rana yakan wuce digiri 100 na zafi, gefen inuwa kuwa ya yi ƙasa da sifiri da fiye da digiri 100. Babu iska a can, saboda haka ɗan maiƙon da aka bari a jikin ƙarfe yakan tashi ya je ya dusashe gilashin kyamara. Kowane kilo da aka ƙara kuɗi ne masu yawa wajen harbi, shi ya sa akan ɗauki dunƙulen ƙarfe a rarake shi har mafi yawansa ya zama ɓarɓashi, a bar 'yan haƙarƙari sirara masu ɗaukar nauyi. Uwa uba, tauraron sadarwa irin NigComSat yana zaune ne kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Motar da ta lalace a hanyar Ore ko ta Jaji ana iya kiran makanike. Wannan kuwa in ya tsaya, ya tsaya ke nan.

Abubuwa biyu da suka faru a Amurka sun isa shaida a kan matsayin mai ƙera kayan aiki. A watan Afrilu na 1990 aka harba babban madubin hangen taurari mai suna Hubble, wanda ya ci kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya. Da hotunan farko suka iso sai aka ga sun yi dishi-dishi. Bincike ya nuna cewa an goge bakin madubin, mai faɗin mita 2.4, fiye da ƙima da kimanin maikuron 2 kacal. Masu gugar ba su yi ha'inci ba. Sun bi abin da ma'auninsu ya nuna musu sau da ƙafa. Ma'aunin ne aka haɗa ba daidai ba, wani gilashi a cikinsa ya kauce daga mazauninsa da milimita 1.3. Abin takaici ma, akwai wasu ma'aunai biyu da suka nuna akwai kuskure, aka ƙi kula su domin an fi amincewa da na farkon. Sai a watan Disamba na 1993 'yan sama jannati suka je suka sa wa madubin abin da za a iya kira tabarau. Hubble ya tsira ne domin yana kusa da ƙasa, kumbo na iya isa wurinsa.

Na biyun ya fi ban haushi. A watan Satumba na 2003, watan da aka harba NigeriaSat-1, ma'aikatan kamfanin Lockheed Martin a jihar Kalifoniya suna juya wani tauraron duba yanayi a kan keken da aka ƙera musamman domin wannan aiki, sai tauraron ya zame ya faɗi ƙasa. Ashe wani ya kwance noti 24 da ke riƙe da faifan keken bai rubuta a takarda ba, waɗanda suka zo bayansa kuma suka dogara da takardar ba su duba da idonsu ba. Gyaran ya ci dala miliyan 135, tauraron bai tashi ba sai 2009. A duka biyun ba zanen tauraro ne ya gaza ba, ba kuma lissafin masana ba. Kayan aiki ne da ladabin aiki.

To, su wane ne masu wannan sana'a? Akwai masassaƙin ƙarfe, mai aiki da injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, ko injin da ke riƙe ƙarfe wuƙa na zagaya shi. A yau kwamfuta ke tuƙa yawancin injunan nan, wasu ma suna iya kai wuƙa ta fuskoki biyar a lokaci guda, amma mutum ne ke ɗaure ƙarfen, ya zaɓi wuƙa, ya san gudun da ya dace, ya kuma ji a kunnensa in wuƙar ta soma dakushewa. Akwai mai rubuta wa injin umarni daga zanen injiniya. Akwai maƙerin kayan aiki, wanda shi ba tauraron yake ƙerawa ba, mariƙai da mazaunai da ma'aunai da kekunan ɗauka yake yi, waɗanda in ba su ba za a iya haɗa sassa biyu iri ɗaya sak ba. Akwai mai awo, wanda sa hannunsa ne ke sa a karɓi aiki ko a jefar. Sama da su akwai injiniyan kayan aiki da injiniyan sarrafawa, masu zama da mai zane tun farko su gaya masa ko abin da ya zana zai ƙeru ko ba zai ƙeru ba. Da yawa daga cikin manyan injiniyoyin wannan fanni daga gaban inji suka taso. A Jamus koyon ƙera kayan aiki shekara uku da rabi ne, yaro yana raba lokacinsa tsakanin makaranta da masana'anta, ana kuma biyansa. Masana'antun taurari na kamfanin Airbus a Ingila su ma suna ɗaukar 'yan koyo kai tsaye daga makarantun sakandare.

Bukatar waɗannan mutane ƙaruwa take yi. A dā tauraro guda yakan ɗauki shekaru ana ƙera shi kamar ɗinkin babbar riga. A 2019 aka buɗe wata masana'anta a jihar Fulorida domin taurarin OneWeb, wadda aka tsara ta fitar da biyu a kowace rana. Kamfanin SpaceX kuwa ya harba dubban taurarin Starlink, waɗanda Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta soma amfani da intanet ɗinsu a farkon 2023. Duk inda aka koma ƙera abu ɗaruruwa, mai kayan aiki shi ne sarkin fage, domin shi ke tabbatar da na ɗari biyar ya fito daidai da na farko.

Ƙasar da ta fi dacewa Nijeriya ta duba ita ce Indiya, wadda ita ma ta fara da talauci da yawan jama'a. Indiya ta kafa kamfanin ƙera injunan sassaƙar ƙarfe na HMT a Bangalore a 1953, shekara 16 kafin ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1969. Da lokacin ƙera tauraronta na farko, Aryabhata, ya yi, a cikin wasu rumfunan masana'antu na unguwar Peenya a Bangalore aka haɗa shi, Sobiyat ta harba mata a 1975. Daga nan hukumar ta riƙa rarraba aiki ga kamfanonin gida tana matsa musu su kai ma'aunin da take so. Kamfanin Godrej, wanda aka sani da kwaɗon ƙofa da akwatin ajiyar kuɗi, ya zama mai ƙera sassan injin roka. Cibiyar koyar da ƙera kayan aiki ta gwamnati da ke Bhubaneswar ta ba da sassa ga kumbon Chandrayaan, wanda na ukunsa ya sauka a duniyar wata a 2023. Makarantar koyon sana'a ce fa, ba jami'a ba.

Abin lura shi ne, wannan kamfani na HMT shi ne abokin Gwamnatin Tarayya wajen kafa masana'antar injunan ƙarfe ta Oshogbo a 1980. Shugabannin wancan lokaci sun fahimci al'amarin: ƙarfe daga Ajaokuta, injuna daga Oshogbo, ƙwararru daga kwalejojin fasaha. An soma ginin Ajaokuta a 1979, har yau bai narka ƙarfe daga tama yadda aka tsara ba. Masana'antar Oshogbo ta yi shekaru tana ɗingishi kafin a sayar da ita ga 'yan kasuwa. Masana'antar alminiyom ta Ikot Abasi, wadda ta fara aiki a 1997, ta fi daɗewa a rufe da a gaban kotu fiye da a bakin aiki. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 ya zo da alkawarin koya wa kowane yaro aikin hannu, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu domin babu lantarki, babu malamin da ya iya kunna su.

Sai kuma ciwon da ya fi waɗannan zurfi, watau raini. Wanda ya fito kwalejin fasaha ta Yaba ko ta Kaduna da babbar difloma, ko da ya fi kowa sanin inji, an daɗe ana ajiye shi ƙasa da mai digiri a wajen albashi da ƙarin girma. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma bai sami sa hannun Shugaban Ƙasa na lokacin ba. Iyaye suna ganin haka, shi ya sa uba yakan gwammace ɗansa ya yi shekaru yana yawo da takardar digiri a hannu da ya gan shi sanye da rigar aiki mai maiƙo. Alhali ba basira aka rasa ba. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko ya ga abin da ake ƙerawa a Nnewi da Aba, ko ya leƙa shagunan masu sassaƙa sassan injuna a Ikko, ya san akwai hannu akwai ido. Abin da babu shi ne injin zamani, da ɗakin awo, da al'adar rubuta kowane mataki a takarda, da mai sayen da zai ce ga zane, ga ma'auni, in an cika ga kuɗi.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun motsa. Ɗaliban Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun ƙera tauraron SUNSAT wanda aka harba a 1999, kuma daga wannan zuriya aka sami ƙananan kamfanoni a yankin Kef masu sayar wa Turai da Amurka sassan da ke daidaita tsayuwar tauraro. Aljeriya ta gina cibiyar haɗa taurari a Oran, inda injiniyoyinta suka haɗa AlSat-2B da aka harba a 2016. Masar ta buɗe tata cibiyar haɗawa da gwaji da taimakon Sin a 2023.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce ƙasar da ke bukatar tauraro ɗaya ko biyu a cikin shekara goma ba ta da dalilin kafa masana'anta dominsu, musamman ga asibitoci ba magani, ga makarantu ba rufi. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a gina masana'antar da ba ta da aiki sai tauraro. Amma injin da ke sassaƙa mariƙin kyamarar tauraro shi ne ke sassaƙa sassan famfon rijiyar mai, da na jirgin sama, da ƙarfen da likita ke ɗora karaya da shi, da mazubin da ake zuba roba a ciki, wanda masana'antun Ikeja da Sharaɗa suke sayowa daga waje da kuɗin musaya. Amfanin aikin tauraro shi ne ya ɗaga ma'auni: shagon da ya iya cika sharuɗɗansa ya iya cika na kowa. An ga irin wannan a harkar mai, inda dokar 2010 ta tilasta wa kamfanoni ba 'yan ƙasa aiki, har aka sami filayen haɗa manyan ƙarafa a Ikko da Fatakwal.

Haka nan bai kamata a ruɗi matasa ba. A halin yanzu yawancin guraben ƙera sassan tauraro suna waje ne, kuma a Amurka doka ta taƙaita irin waɗannan ayyuka ga 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin. Saurayi ko budurwar da ta koyi wannan sana'a a Nijeriya mai yiwuwa ta fara ne da sassan injin niƙa ko na kamfanin siminti. Wannan ba faɗuwa ba ce. Nan ne kowa ke farawa. Wanda ya iya karanta zane, ya riƙe lissafin kusurwa, ya iya ma'auni, ya kuma koyi rubuta wa inji umarni, ba zai rasa mai nemansa ba, domin ƙasashen da suka ci gaba ma kukan ƙarancin irinsa suke yi, tsofaffin ƙwararrunsu suna ritaya ba magada.

Abin da ya rage nauyi ne a kan Gwamnatin Tarayya, kuma ba sabuwar hukuma ake bukata ba. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata na ITF tun 1971, akwai Hukumar Ilmin Fasaha ta NBTE tun 1977, akwai NASENI tun 1992 da cibiyoyinta a Inugu, Minna, Akure da Kano, ga cibiyar NASRDA ta fasahar tauraro a Abuja da ta binciken roka a Epe. Kamata ya yi a zaɓi kwalejoji kaɗan, ko da huɗu ne ko biyar, a ba kowace injunan zamani da ɗakin awo da lantarkin da ba ya yankewa, maimakon a watsa kuɗin ko'ina kowa ya sami abin da bai isa kome ba. A nemo tsofaffin ƙwararrun da suka yi aiki a Oshogbo da masana'antar makamai ta Kaduna da kamfanonin haɗa motoci tun suna da sauran ƙarfi, a ba su albashin da ya dace su koyar. A kuma kammala batun difloma da digiri.

Dama mafi kusa ita ce kwangilar tauraro na gaba. Shekara 15 aka ɗibar wa NigComSat-1R, ƙidaya daga 2011, taurarin ɗaukar hoto biyu na 2011 kuwa sun daɗe da wuce wa'adin da aka zana musu. Ko wane kamfani ne zai ƙera magadansu, na Sin ne ko na Turai, lalle a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa cikin waɗanda za a tura horo akwai masassaƙan ƙarfe da maƙeran kayan aiki da masu awo, ba masu zane kaɗai ba. Cewa kekunan ɗauka da mariƙai da akwatunan jigila a Nijeriya za a ƙera su. Kuma cewa wasu sassa marasa haɗari, ko da 'yan mariƙan waya ne, za a ba shagunan gida su gwada, kamfanin ya auna, ya karɓa ko ya mayar tare da bayanin inda aka kuskure. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya riga ya ba da hurumin sa irin wannan sharaɗi a kwangilolin kimiyya da fasaha. Kwamitocin kimiyya na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su nemi ganin wannan shafi na yarjejeniyar kafin su amince da kuɗin.